Cinikin Biri a Sama: Hattara da Jabun Na'urar Neman Zinari

Tun daga shekara ta 2014, lokacin da labarin zinarin Jado ya game ƙasar nan, babu wata haja da ta shiga zukatan matasanmu kamar na'urar neman zinari. A da sai mutum ya tashi takanas ya je Agadas, ko ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saƙo, kafin ya mallake ta. Yau kuwa kasuwarta tana cikin aljihun kowa. Ka buɗe Facebook ko TikTok, ko ka shiga wani zauren WhatsApp na masu haƙa, sai ka ga hotonta tana ƙyalli, ga lambar waya a ƙasa, ga farashi mai tsinka yawu. Ka aika kuɗi, a sako maka ita a mota. Irin wannan ciniki shi ne Hausawa ke kira cinikin biri a sama, kuma a kansa nake so mu tattauna yau, domin kuwa gonaki da bisashe da yawa sun salwanta ta wannan hanya ba tare da masu su sun san abin da ya cinye su ba.

Mai karatu, jabun na'urar neman zinari ta bambanta da sauran jabun kaya da muka saba da su a kasuwa. Jabun takalmi in ya tsinke ka gani da idonka. Jabun batir in ya mutu cikin kwana biyu ka san an cuce ka, kuma ka san wanda ya cuce ka. Amma jabun na'ura tana kunnuwa, fitilarta tana haske, in ka kara mata zobe ko makulli ta yi kuka har a ji ta daga nesa. Abin da ta gaza yi kawai shi ne aikin da aka saye ta dominsa. Zinarin da ta tsallake yana can ƙarƙashin ƙasa, babu wanda ya gan shi balle ya ba da shaida. Mai ita ya yi wata biyu ko uku yana yawo cikin rana, ya dawo hannu rabbana, ya ce Allah bai yi da rabonsa ba. Abokansa su ce ya yi haƙuri, iyalinsa su ce ya yi haƙuri. Shi kuwa wanda ya sayar masa yana can yana tallar wata. A nawa ra'ayi wannan shi ne mafi muni a cikin lamarin: macuci ya samu mafaka a bayan imaninmu da ƙaddara.

Don mu gane yadda aka kai ga haka, ya kamata mu ɗan waiwaya baya. Zazzaɓin zinarin sahara daga Sudan ya taso, wajen 2009 zuwa 2010, kuma ya ƙara ƙarfi bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, wadda ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar. Daga nan ya ƙetaro arewacin Cadi a 2013, ya iso Jado a watan Afrilun 2014, sai Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya a wannan shekarar, sannan ya bulla Muritaniya a 2016. A duk waɗannan wurare na'ura ce ta buɗe fage, domin zinarin farko da aka riƙa tsinta yana kusa da saman ƙasa ne, ba ya buƙatar rami mai zurfi. Mutum da na'urarsa da diga da jarkar ruwa ya zama kamfani. Buƙata ta yi yawa, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya hau sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kamfanin da sunansa ya fi yawo a bakin masu haƙa shi ne Minelab na ƙasar Ostareliya, wanda ke ƙarƙashin wani kamfani mai suna Codan da ke birnin Adelaide. Shi ne mai GPX 4500 da GPX 5000 da GPZ 7000 da Gold Monster 1000. A shekara ta 2015 shugaban Codan na lokacin, Donald McGurk, ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa tun 2011 aka fara maido musu da na'urori masu matsala don gyara, da suka buɗe sai suka tarar tambari nasu ne, amma kayan ciki ba su san su ba. Ya ce an sace zanen na'urar ne daga kwamfutar wani ma'aikacinsu da ya shiga intanet ɗin wani otal a ƙasar Sin. Jabu ya cika kasuwannin Afirka har ya tilasta wa kamfanin karya farashi daga dalar Ostareliya 4,000 zuwa 5,000 ya koma wajen 2,500, ribarsa kuma ta faɗo daga miliyan 45 zuwa miliyan 9.2 a shekarar kuɗi da ta ƙare a Yunin 2014. Da aka bi sawun kayan sai aka tarar da rumbunansu a Dubai, suna jiran a yi lodinsu zuwa Sudan da Gini da Nijar. Ka ga ke nan sunan ƙasarmu yana cikin lissafin masu wannan sana'a tun farko. Kamfani ya yi asara, ya farfaɗo. Talakan da ya sayar da gonarsa ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, babu jaridar da ta rubuta asararsa.

To, me ya sa jabu ke yin kuka a kasuwa amma ta yi shiru, ko ta yi ta kukan banza, a daji? Amsar tana cikin yadda na'urar ke aiki. A cikin faifan da ke bakin sandarta akwai waya a nannaɗe, wadda ke tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ƙarfin ya ci karo da ƙarfe, ko wane iri ne, sai ƙarfen ya maido da amsa, na'ura ta juya amsar ta zama sauti a kunnen mai aiki. Yin wannan ba wuya ba ne, ɗalibin makarantar koyon sana'a ma yana iya harhaɗa abin da zai ji makulli a kan tebur. Wuyar aikin ita ce ƙasar kanta. Wuraren da zinari ke zama galibi ƙasarsu cike take da sinadarin ƙarfe, irin jar ƙasa da marmara da baƙaƙen duwatsu, su ma duk suna maido da amsa, har su danne ta ɗan gutsuren zinari. Abin da mutum ke biya miliyoyin sefa dominsa shi ne iyawar na'ura ta tace kukan ƙasa ta bar na zinari. Wannan iyawa tana cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ba a jikin fenti ko tambari ba, kuma ita ce mai jabu ke tsuke hannu a kanta don ya samu riba.

Cutar da ake yi a intanet iri uku ce, kuma yana da kyau a bambance su. Ta farko ita ce jabu tsantsa: akwati da sanda da faifai da kwali duk an kwaikwayi na asali, har da lambar jiki, amma kayan ciki na araha ne. Wani lokaci ma na'urar ta asali ce amma ta tsufa, ko an canza mata faifai ko batir da na jabu, aka goge ta aka ce sabuwa ce. Ta biyu ita ce tallar abin da babu shi. Hoto da bidiyo an kwaso su ne daga shafin wani, mai tallar ba ya da shago ba ya da kaya, yana jiran ka aika rabin kuɗi, sannan ya ce a ƙara na mota, sannan ya ce kaya sun maƙale a duwan a ƙara wani abu, daga nan lamba ta daina shiga. Ta uku kuwa, wadda ta fi yaudarar masu kuɗi, ita ce na'urar da ake cewa tana hango zinari daga nesa. Za ka ga abu kamar ƙaramar bindiga da eriya mai juyawa, a rubuta cewa yana gano zinari daga nisan kilomita biyu ko uku, a zurfin mita talatin ko hamsin, har ya bambanta shi da azurfa da lu'ulu'u da ruwa.

Jama'a, wannan ta ukun ƙarya ce tun daga tushe. Amsar da ƙarfe ke maidowa tana raguwa ninkin-ba-ninkin da zarar nisa ya ƙaru kaɗan. Shi ya sa na'ura mafi tsada ma ɗan ƙaramin gutsure a ƴan santimita kawai take jin sa, babban dunƙule kuwa in ta ji shi a mita ɗaya ko abin da ya ɗara kaɗan ta yi ƙoƙari. Kuma babu na'urar hannu da ke jin zinari shi kaɗai, domin dalma da gorar ruwa da kwanson harsashi duk suna iya ba da sauti irin nasa, mai aiki sai ya tona ya gani. Kada kowa ya ɗauka cewa jahili kaɗai ke faɗawa wannan tarko. Wani ɗan kasuwar Ingila mai suna James McCormick ya sayar wa gwamnatoci wata sanda mai eriya da ya kira ADE 651, yana cewa tana gano bama-bamai da miyagun ƙwayoyi daga nesa. Asalinta wani abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai wuce dala 20 ba, amma ya riƙa sayar da ita har dala 40,000. Iraƙi ta sayi dubbai, kuma a cikin ƙasashen da aka ambata sun saya har da Nijar. Kotun Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013, amma ba a janye sandar daga shingayen bincike na Bagadaza ba sai bayan harin unguwar Karrada na Yulin 2016, wanda ya kashe mutane wajen 300. In ana iya sayar wa janar-janar fanko, ina ga saurayin da ke kallon bidiyo a wayarsa a Tawa ko Damagaram?

Saboda haka ga abin da nake ganin ya wajaba ga duk mai niyyar saye. Da farko ya san farashin gaskiya. Manyan kamfanoni irin su Minelab da Garrett na Amurka da Nokta na Turkiyya da XP na Faransa suna da shafukansu, kuma suna wallafa sunayen dillalan da suka amince da su a ƙasashe. In wani ya ce zai ba ka sabuwa fil a kan rabin farashin dillali, ka tambayi kanka a ina ya samo ta, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. In ya ce shi wakilin kamfani ne, ka duba ko sunansa yana cikin jerin, kuma ka kira lambar da ke shafin kamfani, ba wadda shi ya ba ka ba. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi ɗansa ko ƙanensa ko malamin makarantar garinsu ya duba masa. Aikin minti goma ne.

Na biyu, lambar jiki. Kowace na'ura ta asali tana da lambarta ita kaɗai, wasu kamfanonin kuma sun ƙara da tambarin tsaro da hanyar tantance shi. Ka karɓi lambar kafin ka biya, ka tabbatar wadda ke jikin akwati ita ce a kwali, ita ce kuma a takardar garanti, sannan ka aika wa kamfani ko dillalinsa ya tantance. Sai dai a lura, masu jabu suna iya kwafar lambar gaskiya guda ɗaya su manna wa na'urori da yawa, don haka lamba ita kaɗai ba ta wanke kaya. Mai sayarwa da ya ƙi ba ka lamba, ko ya ƙi ba ka faktir mai ɗauke da sunansa da adireshin shagonsa da lambar na'urar, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, gwaji a ƙasa. Gwajin zobe a iska ba gwaji ba ne, kuma bidiyon da aka aiko maka ba shaida ba ne, domin wanda ya binne abu da hannunsa ya san inda zai kara faifai. Ka samo ɗan ƙaramin gutsuren zinari wanda bai kai giram ɗaya ba, ka sa shi cikin leda, ka binne shi da kanka a jar ƙasa ko cikin baƙaƙen duwatsu. Ka tafi da wanda ya daɗe yana aiki da irin wannan na'ura, ya zo da tasa wadda aka tabbatar ta asali ce, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan rami guda. A duba ko in an daidaita ta da ƙasa tana yin shiru, ko kuwa tana ta ihu ko'ina aka juya. A murɗa kowane maɓalli a ji ko yana canza wani abu, domin a jikin jabu akan samu maɓallan ado kawai. A ɗaga su biyun a ji nauyi, a dubi rubutu da haɗin roba da bakin waya. Gani ya kori ji.

Na huɗu, biya. Kada kuɗi su riga gwaji. Kuɗin da aka aika ta waya ko ta gidajen aika kuɗi, da zarar an karɓe su da wuya su dawo. In kayan daga nesa za su zo, a samu amintaccen mutum a garin, ya je shagon da ƙafarsa, ya ga kayan, ya riƙe kuɗin har sai an gwada. A yi ciniki gaban shaidu, a rubuta sharaɗin mayarwa. Iyayenmu ba su sayen raƙumi sai sun buɗe bakinsa sun ga haƙora, sun kuma sa shi ya durƙusa ya tashi. Ban ga dalilin da zai sa mu sayi abin da ya fi raƙuma tsada a kan hoto ba.

Na san wani zai ce: malam, kai kana magana ne kamar kowa yana da miliyoyi. Talaka abin da ƙarfinsa ya kai shi yake saye, kuma akwai waɗanda suka tsinci zinari da ƙaramar na'ura. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Araha ba laifi ba ce. Akwai ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa da sunansu na gaskiya, har da waɗanda ake ƙerawa a ƙasar Sin, kuma wanda ya saye su ya san iyakarsu, ya san irin ƙasar da zai kai su. Manyan kamfanonin su ma suna da ƙanana da ba su kai kuɗin GPX ba. Laifin yana wurin ƙarya, a karɓi kuɗin doki a ba ka jaki da sirdi. Wanda ya san jaki ya hau ba zai shiga sukuwa ba. Wanda kuwa aka ce masa doki ne zai tsara tafiyarsa da bashinsa da alkawuransa a kan abin da ba ya da shi. Ga wanda ƙarfinsa bai kai ba, gara mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya ta ƙwarai, da kowa ya rungumi fanko nasa shi kaɗai.

Kuma a tuna kuɗin na'ura ba su ne ƙarshen asara ba. Daga Agadas zuwa Jado tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita cikin Tenere. Akwai kuɗin mota da mai, da ruwan sha da ake saye da tsada, da abinci, da haƙƙin yaran da ke tona, da mai jarin da ke jiran kasonsa a gida. Akwai ƴan fashi a hanya, akwai ƙishirwa, akwai rikici irin wanda ya ɓarke a Kuri Bugudi ta arewacin Cadi a Mayun 2022, inda mutane wajen 100 suka rasa rayukansu. Mutum ya ɗauki duk wannan kasada, alhali abin da ke rataye a kafaɗarsa ba ya jin komai. In ya dawo, mai jari ya zarge shi da ɓoye abin da ya samu, zumunci ya lalace, wani lokaci har a kai ga jandarma. Macucin da ya haddasa wannan duka ba ya cikin shari'ar.

Ina kira ga mahukunta da su dubi wannan haja da idon da ta cancanta. Ma'aikatan duwan su ne ƙofar farko, ya kamata a horar da su yadda za su bambance ta asali da jabu, a kuma tilasta wa mai shigo da ita ya nuna takardar inda ya saye ta. Ma'aikatar ma'adinai da ta kasuwanci su fitar da sunayen dillalan da aka tantance, a karanta su a gidajen rediyo da Hausa da Tamashek da Tubanci da Zabarmanci. Muna da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, kuma Nijar da Cadi da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai kare tambarin kaya, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Doka tana nan, aiki da ita ya rage. Ƙungiyoyin masu haƙa su keɓe fili a kusa da kasuwannin da ake wannan ciniki, inda kowa zai iya zuwa ya gwada kafin ya biya. Su ma kamfanonin da ke cin riba a ƙasashenmu su matso kusa, su yawaita wuraren gyara da tantancewa, domin wanda dillalin gaskiya ya yi masa nisa, na ƙarya ne zai same shi.

Malamanmu kuma suna da nasu aikin. Addinin Musulunci ya haramta algus ƙarara, kuma wanda ya san kaya jabu ne ya sayar, ko ya gane an cuce shi sannan ya lallaɓa ya sauke wa wani ɗan'uwansa, duk hukuncinsu ɗaya. Haka nan addini ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Rabo gaskiya ne, babu mai musun haka. Amma kafin mutum ya ce babu rabonsa a Jado ko Cibarakaten, ya fara tabbatar da cewa abin da ya riƙe yana iya jin rabon in ya taka shi. Wanda kuma aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru, ya kai ƙara, ya gaya wa ƴan'uwansa lambar da shafin, domin shirunsa shi ne jarin macuci.

Allah ya kare mu daga sharrin maha'inta, ya ba masu nema halaliyarsu, ya maido da matafiyanmu gida lafiya. Amin.